Yadda Ake Yinin Yawo a Zanzibar Daga Jirgin Ruwa

Tun da daddare ake ɗaura niyya. Fasinjan da ke cikin babban jirgin ruwan shaƙatawa, wanda zai kwana ya wayi gari a Unguja, babban tsibirin Zanzibar, yana da zaɓi biyu: ya yanki tikitin yawon da kamfanin jirgin ya shirya, ko ya nemi direba da ɗan jagora na kansa. Na biyun ya fi araha, sai dai akwai sharaɗi. Idan motar kamfani ta makara, jirgi zai jira ta. Wanda ya tafi da kansa kuwa, in ya makara, sai ya bi jirgi zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa.

Da safe manyan jirage kan tsaya nesa da gaɓa, a riƙa kwaso mutane da ƙananan jirage. A bakin ƙofar jirgi ake duba katin kowane fasinja a na'ura. Mai hankali kan fito da ruwan sha, da takalmin da ba ya santsi, da shilin Tanzaniya na ƙananan sayayya, da tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa, domin garin Musulmi ne.

Zango na farko dajin Jozani ne, kimanin kilomita 35 kudu maso gabashin birnin Zanzibar, wanda aka mayar da shi gandun ƙasa a 2004. Gara a isa da wuri, kafin rana ta take. Abin da ake zuwa gani shi ne birin kolobas mai jan baya da farin gashi tsaye a ka, wanda asalinsa na wannan tsibiri ne kaɗai. Ɗan jagora zai gargaɗi baƙi su ja da baya, kada su ba shi abinci, saboda cutar mutum tana kama shi. Waɗannan birai har gawayi suke ci, kuma masu bincike sun gano yana rage musu dafin ganyen mangwaro da na wasu itatuwa da suke kiwo. A ƙetaren titi kuma akwai gadar katako da ta ratsa kurmin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje, ƙananan ƙaguwa na shige da fice a cikin taɓo.

Daga nan sai gabas, zuwa kogon Kuza da ke Jambiani. Dutsen farar ƙasa ne ruwa ya cinye ya bar rami, a ƙasansa kuma ga ruwa mai sanyi garai-garai, har ana hango duwatsun gindinsa. Ana sauka ta matakala, mai son iyo ya yi.

Garin Jambiani shi ya fi cancantar a ba shi lokaci, kuma a nan ne janyewar teku ke da muhimmanci. Idan ruwa ya ja baya, mata kan shiga da zannuwansu su duba gonakin ciyawar teku, sana'ar da ta kankama a wannan gaɓa tun 1989. Suna ɗaura tsiron a igiyoyin da aka miƙe tsakanin turaku, bayan kamar mako shida su girbe, su shanya, a sayar wa masu fitar da ita waje, inda ake tace sinadarin da ke kaurara man goge baki da askirim. Aiki ne mai wahala, kuɗinsa kaɗan, ɗumamar ruwa kuma tana kashe amfanin. Baƙon kirki yakan nemi izini kafin ya ɗauki hoto, ya kuma sayi sabulun da suke haɗawa da ciyawar.

Komawa birni ta fi awa guda, don haka da la'asar sakaliya ake kama hanya. In da sauran lokaci, a ratsa kasuwar Darajani a auno kanumfari, sannan a isa bakin ruwa kafin ƙaramin jirgi na ƙarshe ya tashi.