BAƘO A GIDAN MUTANE: DARASI A KAN ABOTA A ƘASAR BAƘUNCI

Ya ɗan'uwana mai-karatu, wataƙila wata rana za a aike ka wata ƙasa domin karatu, ko kuwa neman abinci ya kai ka can, a sauke ka a gidan mutanen da ba ka jin harshensu, ba ka kuwa saba da tuwonsu ba. Da yawa daga cikinmu sun rigaya sun tafi, waɗansu suna shiri. Wannan darasi dominka ne. Abin da na ke so ka riƙe ke nan: abota ba ta yin saiwa a gidan da mutum ɗaya ke bayarwa kullum, ɗayan kuwa yana karɓa kaɗai. Baƙo ma yana da abin bayarwa. Idan ya hana, za ya koma gida da kuɗi ko da takardar shaida, amma ba da aboki ba.

I. LABARIN DORUGU

Bari in fara da labarin wani Bahaushe wanda ya riga mu bin wannan hanya. Sunansa Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram. Tun yana yaro aka kama shi bauta, aka kai shi Barno. A Kukawa wani Bajamushe matafiyi, Overweg, ya 'yantar da shi, shi da wani yaro Bamargi mai-suna Abbega. Sa'anda Overweg ya mutu a 1852, yaran nan biyu suka bi abokin tafiyarsa Barth, wanda mutanen ƙasashenmu suka sani da sunan Abdulkarim. Suka je tare da shi har Tambutu, suka komo Barno, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, a 1855 kuwa suka sauka Ingila.

A can akwai wani mai-bishara, sunansa Schön, wanda ya shigo kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, tun daga lokacin kuwa zuciyarsa ta kamu da harshen Hausa. Ya ɗauki yaran zuwa gidansa a Chatham. Abbega ya komo Afirka a 1857, daga baya har ya yi sarauta a Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna cikin iyalin nan wajen shekara 8, sai a 1864 ya komo.

To, me yaron nan ya kawo gidan? Ba shi da dukiya, ba shi da dangi a ƙasar. Abin da ke bakinsa kaɗai ya ke da shi. Ya zauna yana ba mai-gidansa labarin ƙuruciyarsa, da na bautarsa, da na tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyin da ya ji a gida, har da yadda ya ga Turawa suna cin abinci a teburinsu, Schön kuwa yana rubutawa. Da taimakonsa Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin nan Magana Hausa a 1885, inda labarin Dorugu ya ke da sunansa. An ba shi ɗaki da abinci da karatu. Shi kuwa ya ba da abin da kuɗi ba su iya saye a kasuwar Landan ba. A ƙarshen ransa ya koyar da karatun boko a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, a can ya rasu a 1912.

Ba zan ɓoye maka inuwar labarin ba. Barth ya yi nufin a mai da yaran Afirka, Schön ya riƙe su saboda aikinsa, har aka yi ɓacin rai tsakanin manyan biyu. Ƙarfin kuma ba ɗaya ba ne: wannan mai-gida ne a ƙasarsa, wancan yaro ne da aka taɓa sayarwa. Za mu komo kan wannan a gaba.

II. BULUS A KORINTI

Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 18, ka karanta a hankali. Manzo Bulus ya iso Korinti baƙo, ya sauka a gidan Akila da matarsa Biriskilla. Su ma baƙi ne a birnin, gama Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma. Sana'arsu ɗaya ce da ta Bulus, wato ɗinkin alfarwa. Bai ce shi manzo ne, a yi masa hidima ba. Ya zauna ya kama aiki tare da su. Ya yi shekara 1 da wata 6 a birnin. Bayan shekaru, da ya rubuta wa ikilisiyar Roma, ya gaishe su da sunansu, ya shaida wa kowa cewa sun yi kasai da ransu domin su ceci nasa.

Ka duba kuma Sarakuna na Biyu sura 4. Wata mace ta Shunem ta shirya wa annabi Elisha ƙaramin ɗaki, ta sa gado da tebur da kujera da fitila. Elisha bai kwanta ya yi shiru ba. Ya aika a tambaye ta abin da shi ma za ya yi mata. Bayin Allah haka su ke zama a gidan mutane.

III. KUSKUREN DA NA YI

Ni mai-rubutun nan an taɓa aike ni Kumasi, a ƙasar Gana, domin ƙarin koyo, aka sauke ni a gidan wani dattijo Ba'asante. Matarsa takan daka sakwarar rogo da ayaba da hannunta, ta ajiye mini babban rabo. Ni kuwa in taɓa kaɗan in tashi, in sulale zuwa zango inda Hausawa su ke, in ci tuwo, in yi hira har dare. In na komo sai in shige ɗaki, in kama waya ina magana da mutanen gida. A ganina ban yi wa kowa laifi ba, tun da ban zagi kowa ba, ban kuwa taɓa kayan kowa ba.

Ran nan ɗansu ya same ni, ya ce, "Malam, uwata ta ce in tambaye ka, wane laifi muka yi maka?" Kunya ta rufe ni. Na je na durƙusa a gabanta, na ce, "Inna, ki gafarta mini, laifin nawa ne." Tun daga ranar na zauna cin abinci tare da su. Na koyi yadda su ke gaishe da taro, daga hannun dama zuwa hagu. Na koyi cewa "medase", wato na gode. Na karɓi taɓarya, suka yi ta dariyar dakana. Wata Asabar na sayo garin masara da kuka da daddawa a zango, na yi musu tuwo, dattijon ya nemi ƙari. Ashe da can jikina ne a gidan, zuciyata tana wani wuri, sun kuwa gane.

IV. ABUBUWA BIYAR DA ZA KA KIYAYE

1. Ka ci abin da aka sa a gabanka da godiya. Wanda ya ba ka abincinsa ya ba ka guminsa. Idan akwai abin da lamirinka ko lafiyarka ba su yarda da shi ba, kamar giya, ka faɗa tun farko da tattausar murya. Kada ka yatsine fuska, kada kuma ka yi musu wa'azi a bakin akushi.

2. Ka koyi gaisuwarsu da sunayensu. Ko kalma 10 ka iya cikin harshensu, ka yi ta faɗinsu, ko da za a yi maka dariya. Baƙo ko da ido makaho ne. Ka yi tambaya kafin ka yanke wa al'adar mutane hukunci.

3. Ka sa hannu cikin aikin gida. Shara, da wanke kwano, da ɗaukar kaya daga kasuwa ba su rage darajar ɗa namiji. Ubangijinmu da kansa ya wanke ƙafafun almajiransa.

4. Kada ka ji kunyar inda ka fito. Ka ba su labarin garinku, ka koya wa yaransu ƙirga da Hausa, ka dafa musu abincinmu. Da Dorugu ya raina harshen uwarsa ya rufe baki, da ba mu san sunansa a yau ba. Ka ziyarci 'yan'uwanka na zango, gama zumunta a ƙafa ta ke; amma kada zango ya zama maka maɓoya.

5. Ka riƙe amanar gida. Baƙo yakan ga abin da maƙwabta ba su gani ba: faɗan miji da mata, da bashi, da rashin lafiya. Abin da ka gani a cikin gida ka bar shi a cikin gida. Matan gidan da 'yan matansa kuwa ka ɗauke su kamar uwarka da ƙannenka.

V. ABOTA BA BAUTA BA CE

Na ce za mu komo kan ƙarfin da ba ɗaya ba. Akwai gidajen da su kan karɓi baƙo da murmushi, sa'an nan su riƙe takardunsa na tafiya, ko su hana shi ladan aikinsa, ko su tsare shi daga fita sujada. Haƙuri na Kirista bai ce ka yi shiru a kan wannan ba. Ka faɗa wa dattawan ikilisiya ko wanda ya aike ka, ka nemi mafita da gaskiya, ba da zagi ba. Kai kuma, ran da baƙo ya sauka a gidanka, ka tuna cewa ƙarfin yana hannunka. Ka tambaye shi abin da shi ke so, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

VI. RANAR RABUWA DA BAYANTA

Baƙo raɓa ne, in ji mutanenmu, amma raɓa takan bar danshi. Kafin ka tashi, ka tara mutanen gidan, ka dafa musu abinci, ka gode wa kowa da sunansa, har yara da masu-aiki, ka ambaci alherin da kowannensu ya yi maka. Ka nemi gafara, ku yi addu'a tare. Bayan ka iso gida kada ka bari zumunci ya mutu: ka gaishe su a lokacin Kirsimeti, ka yi musu barka da haihuwa, ka yi musu ta'aziyya, ka kuma faɗi alherinsu a gaban mutanenka, yadda Bulus ya yi wa Akila da Biriskilla. Wannan ita ce murnar abota wadda ta dace da mai-bi.

TAMBAYOYI

1. Me Dorugu ya bayar a gidan da ya sauka?
2. Wace sana'a ce ta haɗa Bulus da masu-masaukinsa?
3. Wane laifi marubucin ya yi, ko da shi ke bai zagi kowa ba?
4. Yaushe ne bai kamata baƙo ya yi shiru ba?
5. Akwai wanda ya taɓa saukar da kai, har yanzu ba ka gode masa ba? Me za ka yi cikin makon nan?

ADDU'A

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka zauna baƙo a gidajen mutane, ka kiyaye 'yan'uwanmu da ke ƙasashe masu-nisa. Ka sa wa masu-masaukinsu albarka. Ka ba mu zuciya mai-godiya da hannu mai-aiki, domin kowane gida da muka kwana a ciki ya yi murna da zuwanmu. Amin.