Amsoshin Tambayoyinku: Ina Mahaifina Yake Yanzu?

Baiwar Allah daga Gonin Gora, kin tambaya ko mahaifinki, ɗan Katolika, ya shiga aljanna. Allah ya ba ki haƙurin rashi.

Cocin Katolika ba ta bayar da wannan tabbaci sai bayan dogon bincike. Ko Fada Tansi, wanda Fafaroma John Paul na biyu ya ayyana mai albarka a 1998 kusa da Onitsha, bai kai matsayin waliyyi ba tukuna.

Amma kada ki karaya. Koyarwar ita ce, wanda ya rasu cikin alherin Allah amma da sauran aibi, ana tsarkake shi a Purgatori, kuma aljanna tabbas ce gare shi. Majalisar Trent ta jaddada Purgatori a 1563. Ki roƙi Fadan cocinku ya yi Mas dominsa, musamman ranar 2 ga Nuwamba.