Amsoshin Tambayoyinku: Kamfanin Jiragen Ruwa Na Pelni

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko yana tambaya: shin da gaske ne Indonesiya tana da kamfanin jiragen ruwa na gwamnati mai jigilar fasinjoji, kuma yaushe aka kafa shi?

To Malam, gaskiya ne. Sunansa Pelni, an kafa shi ranar 28 ga Afrilun 1952. Indonesiya ƙasa ce mai tsibirai sama da 17,000, kuma a lokacin kamfanin Holan mai suna KPM ne ke riƙe da zirga-zirgar tekun. Da aka fatattaki KPM a 1957, lokacin rikicin Indonesiya da Holan kan yammacin Papua, sai nauyin ya faɗo kan Pelni.

A watan Janairun 1981 jirginsa Tampomas II, wanda aka sayo na hannu, ya kama da wuta ya nutse a tekun Java, ɗaruruwan mutane suka rasu. Bayan wannan masifa gwamnati ta koma sayen sababbin jirage daga masana'antar Meyer Werft da ke Papenburg a Jamus. Na farkonsu, Kerinci, ya iso a 1983. Yawancinsu sunayen duwatsun ƙasar aka raɗa musu, irin su Kelud da Gunung Dempo, kuma manyan suna ɗaukar mutum 2,000 ko fiye.

Tun wajen shekarar 2000 jiragen sama masu araha suka janye fasinjoji da yawa. Amma ga talakan gabashin ƙasar, mai ɗauke da buhunan kaya zuwa Ambon ko Jayapura, jirgin Pelni ne har yau abin dogaro, shi ya sa gwamnati take ba shi tallafi, kuma a ganinmu tallafin ya dace.