Haƙƙin Mamu Ne Ya Ji Huɗuba Kuma Ya Fahimce Ta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya sanya bambancin harsunanmu ya zama aya daga cikin ayoyinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi mutane iri biyu waɗanda ke halartar Juma'a da wa'azi, amma su tashi ba su san abin da aka faɗa ba. Na farko shi ne wanda ba ya jin harshen da liman ke magana da shi. Na biyu kuwa shi ne wanda kunnensa ya yi nauyi, ko don tsufa ko don wata lalura. A yau akwai na'urori marasa waya da ke kai magana daga bakin liman ko tafinta zuwa kunnen kowane mutum shi kaɗai. Ya kamata mu san asalin wannan aiki a Shari'a, da yadda na'urorin ke aiki, da kuma sharuɗɗan amfani da su.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanar da mu cikin Suratu Ibrahim, aya ta 4, cewa bai aiko wani Manzo ba face da harshen mutanensa, domin ya yi musu bayani. Ashe ke nan bayani shi ne abin nufi, bayani kuwa ba ya cika sai magana ta isa kunne, sa'an nan ta shiga zuciya. Sunna ta nuna mana hanyoyi biyu na cim ma wannan. Hanya ta farko ita ce ɗaga murya ga na nesa. A cikin rashin lafiyar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wafati a cikinta, ya yi salla da mutane yana zaune, Sayyidina Abubakar yana jiyar da su kabbara. Haka kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa a Hajjin Bankwana ya yi wa mutane huɗuba a Mina yana bisa alfadararsa, Sayyidina Aliyu yana isar da maganarsa ga waɗanda ke nesa. Wannan shi ne tushen aikin ladanin da ke maimaita kabbara a bayan liman.

Hanya ta biyu ita ce tafinta. Annabi ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa koye shi cikin kimanin rabin wata, ya zama shi ke karanta masa wasiƙunsu, shi ke rubuta musu amsa. Abu Jamrata kuma ya faɗa, kamar yadda ya zo cikin Sahihul Buhari, cewa shi ke yin tafinta tsakanin Abdullahi ɗan Abbas da jama'a. A ƙasarmu ma abin ba baƙo ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa jama'a wa'azi da Fulatanci da Hausa, 'yarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa domin ilmi ya kai ga matan da ke cikin gidaje. Tafsirin watan azumi, inda mai jan baki ke karanta aya malam yana fassarawa, shi ma reshe ne na wannan itace.

To, abin da zamani ya ƙara shi ne fassarar nan take, watau tafinta ya riƙa fassarawa a daidai lokacin da mai magana ke yi, ba tare da an dakata masa ba. An fara gwada wannan a tarurrukan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a Janiba cikin 1927. Duniya ta san shi sosai a shari'ar da aka yi wa shugabannin 'yan Nazi a Nurambag ta ƙasar Jamus daga 1945 zuwa 1946, inda aka yi amfani da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Rashanci a zama guda. A wancan lokaci abin sawa a kunne yana haɗe da waya. Daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki tsarin, cikin 1973 kuma Larabci ya shiga jerin harsunanta, suka zama shida.

Na'urorin da ba su da waya iri uku ne suka fi yawa. Na farko yana aiki kamar ƙaramin gidan rediyo: tafinta ya yi magana a makirufo, na'ura ta watsa muryarsa a zangon FM, kowane harshe da tasharsa, mai saurare ya kama da ɗan akwati mai batir. Wannan yana ratsa bango, yana kuma aiki a fili. Na biyu yana tura magana ta wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira infared. Shi ba ya ratsa bango, don haka kotuna da ɗakunan shawara suka fi son sa saboda sirri, sai dai hasken rana mai ƙarfi yana dagula shi. Na uku an yi shi ne domin masu nauyin ji. Ana kewaye ɗaki da zoben waya wanda ke ɗauko magana daga makirufo ya mai da ita ƙarfin maganaɗisu, sai wani ɗan naɗin waya da ke cikin na'urar kunnen mutum ya kama ta. Ban da waɗannan, wayar hannu ma yanzu tana karɓar fassara ta intanet.

Wani zai ce, ai akwai lasifika, me ya sa ba za a ƙara mata ƙarfi ba? Amsa ita ce, mai nauyin ji ba ƙarancin ƙara kaɗai ke damunsa ba, har da cakuɗewar sauti. A masallaci mai ƙubba da daɓen marmara murya tana dukan bango ta dawo, ta haɗu da ƙugin fanka da na janareta, na'urar kunnensa kuwa duk za ta ƙara musu ƙarfi tare. Amma idan magana ta zo masa kai tsaye daga makirufo, sai ya ji ta tamkar liman na gefensa. Kada kuma a ɗauka mutanen nan kaɗan ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji wanda ke bukatar taimako. Suratu Abasa, wadda ta sauka a kan makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ta isa gargaɗi ga duk mai kau da kai daga mai lalurar da ya zo neman ilmi.

Misali mafi girma a duniyar Musulmi shi ne huɗubar ranar Arfa da ake yi a masallacin Namira. Cikin 2018 hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma ta fara fassara ta nan take da harsuna 5. Cikin 2020 suka zama 10, har da Hausa, cikin 2023 kuma suka kai 20. Alhajin da a dā yake zaune cikin tanti bai san abin da limamin Arfa ke cewa ba, yanzu yana iya bin huɗubar da harshensa.

Game da hukunci, sananne ne a mazhabar Imamu Malik cewa huɗubar Juma'a da Larabci ake yin ta, shi ya sa masallatai da yawa a ƙasar Hausa ke kawo fassara kafin liman ya hau mumbari, ko kuwa ya karanta Larabcin sa'an nan ya fassara. Imamu Abu Hanifa ya halatta yin ta da wani harshe. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na biyar a Makka cikin 1402 bayan Hijira, watau 1982, ta tafi a kan cewa Larabci ba sharaɗi ba ne a ƙasashen da ba na Larabawa ba, amma a karanta ayoyi da Larabci, ta kuma halatta amfani da lasifika. Fassara ta kunne tana da fa'ida a nan, domin liman zai yi huɗubarsa da Larabci, baƙo ya fahimta, kuma babu mai bukatar raɗa wa maƙwabcinsa, alhali hadisi ya hana ko da cewa wani ya yi shiru a lokacin huɗuba. Sai dai shi tafintan magana yake yi sa'ad da liman ke huɗuba, saboda haka waɗansu malamai suka fi son a jinkirta fassarar zuwa bayan salla. Ya kamata kowane masallaci ya nemi fatawar malamansa a kan wannan kafin ya fara.

Akwai sharuɗɗa guda huɗu da ba su kamata a yi sakaci da su ba. Na ɗaya, amanar tafinta. Malamanmu na Malikiyya sun ɗauki tafinta a gaban alƙali a matsayin mai ba da labari, mutum ɗaya adali ya wadatar, Imamu Shafi'i kuwa ya ce sai biyu kamar shaidu. Idan haka ne a shari'ar dukiya, ina ga maganar Allah da ManzonSa? Wanda ke saurare ta kunne ba shi da hanyar gane an ƙara ko an rage. Na biyu, liman ya ba tafinta rubutacciyar huɗuba tun da wuri, domin ya duba fassarar ayoyi da hadisai, kada ya fassara su da ka. Idan zama mai tsawo ne kamar tafsiri, a sami tafinta biyu, gama a manyan tarurrukan duniya ma sukan karɓi juna duk bayan kimanin minti 30 saboda gajiya. Na uku, fassara ta tsaya da an ta da iƙama, domin karatun salla ba a fassara shi. Mai nauyin ji kuwa ya bar na'urarsa don ya ji kabbarar liman. Na huɗu, jin murya ta rediyo ko waya ba ya mai da wanda ke zaune a gidansa can nesa ya zama mamu.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatai, musamman na garuruwan da ƙabilu suka cakuɗa, kamar Abuja da Legas da zangon Kumasi, da su sa wannan cikin lissafinsu kamar yadda suke sa darduma da fanka. Wanda ba shi da halin sayen na'ura, to ya keɓe wa tsofaffi masu nauyin ji wuri kusa da mumbari, ya gyara lasifikar sashen mata, ya kuma nemi mai maganar hannu domin kurame. Mai hali da ke neman sadaka mai gudana, ga ƙofa a buɗe.

Allah Ya sa mu cikin masu sauraren magana su bi mafi kyawunta, amin. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.