Tambayar da Ya Kamata a Yi Kafin Tiyatar Ƙwaƙwalwa

Duk wanda za a yi wa ɗan'uwansa tiyatar mugun ƙarin ƙwaƙwalwa mai suna gliyoma, ya tambayi likita ko za a yi amfani da maganin 5-ALA. Mara lafiya yana shan maganin kimanin awa 3 kafin a sa shi barci, ƙwayoyin ƙarin su mayar da shi sinadarin da ke yin ja a ƙarƙashin shuɗin haske, sai likita ya ga iyakar cutar. A wani gwaji na Jamus da aka wallafa a 2006, an cire duk abin da hoto ya nuna a kashi 65 cikin ɗari na marasa lafiyar da aka ba maganin. A waɗanda aka yi wa tiyata da farin haske ba tare da maganin ba kuwa, kashi 36 kawai.

Wani zai ce ai maganin ba ya warkarwa. Gaskiya ne, don haka kada a fasa gashi da sauran magunguna bayan tiyata. Amma a gwajin, rage ƙarin sosai ya jinkirta dawowar cutar. A sanar da likita idan akwai ciwon hanta, sannan a kare mara lafiya daga rana da fitila mai ƙarfi aƙalla awa 24.