Ciwon Baya Mai Daɗewa: Motsa Jiki a Asibiti da Kuma a Gida

Zuwa ga Hakimai da Malamansu

Da wuya a sami gari ko unguwa, tun daga Doka har ƙauyukan ƙasar Zazzau, da babu mai kukan ciwon baya. Yana kama manomi da ɗan dako da mai niƙa, bai kuma ƙyale malamin da ke wuni sunkuye bisa takarda ba. An ƙiyasta mutum miliyan 619 ke fama da shi a duniya cikin 2020. In ya wuce wata uku, likitoci na kiransa mai daɗewa, shi ne kuwa abin da wannan takarda ke bayani a kai.

1. Abin da likitoci suka yarda da shi

Da can akan ce wa mai ciwon baya ya kwanta ya huta. Yanzu an gane doguwar kwanciya tana raunana naman da ke tallafe da ƙashin baya, sai ciwo ya daɗu. Cikin Disamba na shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fid da jagora a kan wannan cuta. Ta ce a koya wa majinyaci motsa jiki mai tsari, a kuma fahimtar da shi ciwonsa. Ta yi horo da a guji ɗamarar baya da ƙwayoyi masu ƙarfi irin su taramol.

2. Hanya biyu

Ta fari ita ce zuwa wurin ma'aikacin gashi a asibiti, kamar Asibitin Barau Dikko a Kaduna, ko na Shika a Zariya, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Amfaninta, ma'aikaci na gani da ido, yana taɓawa da hannu, yana gyara kuskure nan take. Wahalarta kuwa kuɗin mota da barin sana'a, don ba zuwa ɗaya ake yi ba. Mutumin nesa yakan je sau biyu ya gaji ya bari.

Ta biyu ita ce koyarwa daga nesa, watau ma'aikaci ya aiko da hoto mai motsi ta wayar salula, mutum ya riƙa yi a gida, ana tuntuɓarsa. Ta yaɗu cikin 2020, sa'ad da annobar korona ta hana fita. Malaman Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife sun gwada hanyoyin nan biyu, suka buga sakamako cikin 2019, inda suka ga sauƙin da aka samu kusan ɗaya ne. Amma tana bukatar waya mai kyau da lantarki da kuɗin kati, kuma mai yi shi kaɗai yana iya kuskure bai sani ba.

Saboda haka abin da ya fi shi ne a haɗa su. A fara zuwa asibiti a duba mutum a nuna masa, sa'an nan ya ci gaba a gida. Ko wace aka bi, naci shi ne magani, gama motsa jiki na kwana uku ba ya kawar da ciwon shekara.

3. Waɗanda ba za su tsaya gida ba

Wanda ƙafarsa ke mutuwa, ko tsakanin cinyoyinsa ya yi dindiris, ko ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, a kai shi asibiti a ranar. Haka kuma wanda ciwon ya same shi bayan faɗuwa, da mai zazzaɓi ko rama ko tari mai daɗewa, don tarin fuka yakan ci ƙashin baya. Jinkiri a nan yana iya gurgunta mutum har abada.

4. Abin da ake roƙo

Ana roƙon Hakimai su sanar da dagatai da masu unguwa waɗannan alamu, su kuma su sanar da talakawa. Malamai su taimaki wanda bai iya karatu ko sarrafa waya ba. Su kansu kada su zarce sa'a guda a zaune ba su miƙe sun ɗan taka ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.