Gyaran boris da fankar ɗumi a tsohuwar mota

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Madawa ta ratsa Buza da Keita zuwa Tawa ya san abin da duwatsun Adar ke yi wa ƙafar mota. Da damina a kutsa korama ƙafa na da zafi, ta tsotsi ruwa da laka. Da hunturu ƙura ta shiga inda yatsa ba ya kaiwa. Ga lodin albasa daga fadamar Tarka, ga fasinja a kai. Abin da ke fara jin jiki shi ne boris, wanda makanikan Madawa ke kira rulma. Sa'a ɗaya, ba ya mutuwa farat ɗaya: yakan yi makonni yana kuka kafin ya tarwatse.

Mataki na 1: gano ƙafar da ke ciwo. Kukan boris gurnani ne mai ƙaruwa da gudun mota, ko ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa. Nemi kwalta mai santsi inda ba kowa, ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama. Idan gurnanin ya ƙaru sa'ad da ka karkata hagu, galibi na dama ne, domin nauyi can ya koma. Da ka tsaya, kusanta bayan hannunka da tsakiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi ita ce abin zargi. Sai ka ɗaga ta da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, boris ya saki. In kuwa sai ka kama ta gefe da gefe take motsi, ka duba sandunan sitiyari tukuna.

Mataki na 2: shirya wuri. Kada ka kwance boris a fili ana iska. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin giris ta isa ta cinye sabon ƙarfe. Shimfiɗa buhu mai tsabta a inuwa, ka danne sauran ƙafafun da duwatsu, ka sassauta notocin taya tun motar na ƙasa. Bayan ka ɗaga, tokare ta da katako mai kauri. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, musamman a kan rairayi.

Mataki na 3: kwancewa. A tsofaffin motoci masu ja da ƙafar baya, yawanci ƙafar gaba na da boris biyu masu siffar mazurari, na ciki da na waje. Cire ƙarfen da ke damƙe faifan burki, ka rataye shi da waya, kada nauyinsa ya koma kan tiyon mai. Ɓalle hular tsakiya, zare ƙusar da ke kulle noti, ka fitar da noti da washa da boris na waje, sannan ka jawo cibiyar ƙafar gaba ɗaya. Na ciki yana bayan robar da ke tare giris. Wanke su da kananzir ka duba su a hasken rana. Ƙananan ramuka kamar zanzana, ko launin shuɗi na ƙuna, alama ce sun gama aiki.

A nan ne mutane da yawa ke neman araha su sayi tsada. Sukan sa sabon boris a kan tsohon zoben da ke manne cikin cibiya, alhali zoben ma ya ci. A canza su tare. Fitar da tsohon zobe da guntun tagulla, kana bugawa kaɗan-kaɗan kana zagayawa, sannan ka ɗora shi kan sabon ka buga har sautin guduma ya canza, alamar ya zauna.

Mataki na 4: giris da ɗauri. Zuba giris mai jure zafi a tafin hannunka, ka riƙa danna bakin boris a kai har ka ga ya ɓullo ta ɗaya gefen tsakanin kowane ƙarfe. Shafa a sama kawai ba ya isa. Kada ka gauraya giris iri biyu, kuma ka sa sabuwar roba. Wajen ɗauri, matse notin kana juya ƙafar da hannu don komai ya zauna, sai ka sassauta, ka sake ɗaurewa da ƙarfin yatsu, har ƙafar ta riƙa juyawa sumul ba girgiza. Wanda ya hau kan sifana da ƙafarsa zai ƙona boris kafin ya kai Buza. Sa sabuwar ƙusar kulli, kuma ka taka burki sau da yawa kafin ka motsa motar.

Irin su Corolla da Starlet masu ja da ƙafar gaba kuwa, boris ɗin gabansu rufaffe ne, ba a yi masa giris. Kai wa mai injin matsi, ka tabbata ta zoben waje yake tura shi cikin gidansa, ba da guduma ba.

Fankar ɗumi. Direban da ya taɓa tashi daga Keita da asuba a watan Janairu ya san amfaninta. Ita ce kuma ke share hazon gilashi idan ana ruwa, don haka lalacewarta ta shafi rai.

Yadda ta lalace shi zai nuna maka inda za ka nufa. In ba ta juyawa sai a lamba ta ƙarshe, ɗan abin rage gudu ne ya ƙone, wanda ake kira rezistans. Yana maƙale a bututun iska kusa da fankar, galibi bayan akwatin gaban fasinja. In ta ƙi gaba ɗaya, fara da fiyus, ka maye shi da mai lamba irin tasa. Naɗa waya ko takardar ƙarfe ta kwalin taba a gurbinsa hanyar gobara ce. In fiyus lafiya lau, cire fankar ka haɗa ta kai tsaye da batir mai volt 12. Ta juya, laifin na makunni ne ko wayoyi. Ta ƙi, ko sai an ƙwanƙwasa take tashi, gawayinta ne ya cinye, kuma mai gyaran wutar mota zai canza shi da kuɗi kaɗan.

Tunda ta fito, juya ta da yatsa. Sau da yawa za ka tarar da ƙura ta dunƙule a fikafikanta, ko ɓera ya tara ɓawon gyaɗa a ciki. Share, ka ɗiga mai a bakin sandarta. Fanka mai tauri tana jan wuta fiye da kima, ita ce ke sake ƙona sabon rezistans.

In kuwa iska na fitowa amma da sanyi, fankar ba ta da laifi. Bari inji ya huce ka duba ruwan lagireto, sannan ka tambaya ko an taɓa cire tamostat don tsoron zafin bazara, ko an toshe tiyo biyun da ke kai ruwan zafi cikin mota. Taɓa su bayan inji ya ɗumama: in ɗaya na da zafi ɗaya na da sanyi, ƙaramin lagireton ciki ne ya toshe, sai a wanke shi da ruwa ta baya.